Ƙira Aka Saya, Baki Aka Hana

A 1946 ƙungiyar Los Angeles Rams ta ɗauki Woody Strode da Kenny Washington, bayan shekaru sama da goma babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Kaka ɗaya Strode ya buga. Ya haura Kanada ya ci kofin Grey da ƙungiyar Calgary a 1948, ya taɓa kokawa, sannan masu shirya fim na Hollywood suka hango faɗin ƙirjinsa.

Ƙirjin kuwa shi suka saya. Ya daɗe yana fitowa a matsayin bawa ko mayaƙin daji, tsiraici da yawa, magana kaɗan. Sai a 1960 ƙofa ta ɗan buɗe. A fim ɗin Spartacus shi ne Draba, bawan da ya kayar da jarumin fim ɗin, Kirk Douglas, a fagen daga, aka ce ya kashe shi, sai ya juya ya jefi manyan Rumawa da mashinsa. A wannan shekarar darakta John Ford ya ba shi fim ɗin Sergeant Rutledge, labarin sajan baƙar fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe da kisa. Fim ɗin sunan sajan yake ɗauke da shi, amma a jerin 'yan wasa sai da aka gama da Turawa uku kafin a zo kan Strode.

Kafinsa an yi Paul Robeson, gwarzon ƙwallo a Jami'ar Rutgers, lauya kuma mawaƙi. A 1935 ya fito a fim ɗin Sanders of the River, labarin da aka gina a kan Najeriya ta zamanin mulkin mallaka. Ya shiga da zaton za a mutunta Afirka. Da aka tace fim ɗin, sai ga shi yabon jami'in Turawa ne. Robeson ya barranta da shi.

Wanda ya ci moriyar wahalarsu shi ne Jim Brown. Yana Ingila ana ɗaukar fim ɗin The Dirty Dozen a 1966, mai ƙungiyar Cleveland Browns da yake buga wa ƙwallo ya yi barazanar cin tararsa idan bai dawo atisaye ba. Brown ya ajiye ƙwallon gaba ɗaya, yana ɗan shekara 30, alhali a kakar da ta gabata shi aka zaɓa gwarzon gasar.