Ganye Shi Ne Madafar Shuka

In dawa ta fara fid da kai, manoma da yawa sukan shiga gona su zage ganyenta su kai wa dabbobi. Wannan al'ada tana rage amfanin gona, domin a cikin ganye ne shuka take dafa abincinta.

Tun a shekarar 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya gane cewa ɗanyen ganye yana fid da iska mai kyau ta numfashi, amma fa sai in akwai hasken rana. Daga baya masana suka gano sauran bayanin. Saiwa ita ke tsotso ruwa daga ƙasa, ya bi ta kara ya shiga jijiyoyin ganye. A jikin ganyen kuma akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Ta nan irin iskar da mutum yake fitarwa in ya yi numfashi take shiga. Sa'an nan koren abin nan da ke cikin ganye ya kama hasken rana, ya haɗa ruwan da iskar su zama sukari. Waɗansu jijiyoyi dabam su ke kai sukarin ga zangarniya, can ya zama garin da ke cikin tsaba.

Dubi hikimar Allah a ƙirar ganye. Yana da faɗi don ya tare haske da yawa, ba shi da kauri don iska ta ratsa shi da sauri. Farin abin nan mai kama da toka a jikin dawa kuwa, wani irin kakin zuma ne mai rage ƙafewar ruwa. In fari ya yi, ƙofofin sukan rufe, ganyen ya naɗe kamar tabarma, har ruwa ya sauko.

To, ganyayen sama, watau na kusa da kai, su suka fi cika tsaba. Wanda ya zage su tun ƙwaya ba ta ƙosa ba, zai sami dami ba nauyi, garin neman gira ya rasa ido. In lalle ana bukatar abincin dabbobi, sai a ɗebi na ƙasa waɗanda suka soma bushewa, a bar sauran sai dawa ta nuna.