Gishiri, Kanwa da Famfo: Daga Tafkin Iyo zuwa Shaton Damargu

Duk wanda ya taɓa kwana a Tanut cikin watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, iska ta ɗauke cak, amalanken jakai suka yi jerin gwano da jarkoki a bakin famfo tun kafin kiran assalatu, ba ya bukatar malami ya karanta masa darajar ruwa, domin ya gan ta ƙuru-ƙuru a fuskar mata da yara da bisashe. Ƙasar Damargu, tun daga Olelewa da Gangara har zuwa Tarka da Belbeji, ƙasa ce ta gero da dabbobi wadda daminarta gajera ce, rijiyoyinta kuwa masu zurfi ne ainun. Saboda haka mai karatu zai iya mamaki in na ce zan faro zancen ruwan wannan ƙasa da tafkin iyo irin na manyan otal-otal na Yamai da Kano da Abuja, wanda mutanen Nijar ke kira pisin. Amma ina roƙon ya yi mini uzuri, gama ilimin da ake tsare ruwan wancan tafki da shi, shi ne dai ilimin da ake tsare ruwan shato, wato tankin ruwan ƙauye, da shi, kuma mu muka fi masu iyo bukatarsa, tun da su wanka suke yi, mu kuwa sha muke yi.

Akwai wani nau'in tafkin iyo da ake ce wa na ruwan gishiri. Gishirin nasa kaɗan ne ƙwarai, kimanin giram 3 cikin kowace lita, alhali ruwan teku yana ɗauke da wajen giram 35. Ke nan tafki mai cin lita 50,000 buhu uku na kilo 50 sun ishe shi. Hikimar da ke ciki ita ce, famfo yana jan ruwan yana tura shi ta cikin wani ɗan bututu mai faifayen ƙarfen titaniyam waɗanda wutar lantarki ke ratsawa, wutar kuwa sai ta raba gishirin ta fitar da sinadarin kulorin daga cikinsa, shi kuma ya bi ruwan yana kashe ƙwayoyin cuta, in ya gama aikinsa ya sake komawa gishiri. Wannan kulorin shi ne ruhin ruwan jabel da matan Damagaram ke wanki da shi, sunan da ya samo asali daga Javel, wata unguwa ta birnin Paris inda aka fara sarrafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, bayan da Carl Scheele, mutumin Suwidin, ya gano sinadarin a 1774. A 1908 ne birnin Jersey City na Amurka ya soma zuba shi cikin ruwan shan jama'a kullum ba fashi, daga nan al'adar ta bazu cikin duniya.

To, sai dai kulorin yana da sharaɗi, kuma a nan ne akasarin mutane ke tuntuɓe. Ƙarfinsa ya rataya ne ga wata sifa ta ruwa wadda masana ke aunawa da ma'aunin pH, wanda Sørensen, wani masani na ƙasar Denmak, ya ƙago a 1909. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza ta ya karkata ga tsami, abin da ya haura ta ya karkata ga kanwa. Ba na zaton akwai macen Bahaushiya da wannan zai zame mata baƙo, domin wadda ta san bambancin kunun tsamiya da kunun kanwa, ta kuma san cewa ɗan ƙullin kanwa yana karya tsamin yakuwa a tukunya, ta riga ta riƙe asalin ilimin a hannunta. Wanda kuma ya taɓa jefa kanwa cikin jiƙon zoɓorodo ya ga jan ya rikiɗe ya yi duhu, ya ga irin abin da ke faruwa a 'yar kwalbar gwaji, inda ɗigon magani ke mai da ruwa rawaya in yana da tsami, ya mai da shi ja in ya karkata ga kanwa. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne, in ruwa yana kan 7, kusan kashi uku cikin huɗu na kulorin da ke cikinsa yana cikin sifarsa mai kaifi, a 7.5 sai ya koma rabi. A 8 kuwa bai fi rubu'i ba, ragowar ya zama kamar takobin da ke cikin kube. Shi ya sa masu kula da tafki ke tsare ruwansu tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin kuwa tsakanin miligiram 1 da 3 a lita. Na'urar gishiri tana da ɗabi'ar tura ruwa ɓangaren kanwa sannu a hankali, har farin dutse ya daskare a kan faifayenta ya rage mata aiki, don haka sukan ɗiga ruwan asid kaɗan-kaɗan su komo da shi, suna zuba asid cikin ruwa mai yawa, ba sa kuwa taɓa haɗa shi da jabel a mazubi guda, gama iskar da ke tashi daga wannan haɗi guba ce mai kisa.

Bayan gishiri da pH, rukuni na uku shi ne famfo. Na'urar ba ta haifar da kulorin sai ruwa na gudana ta cikinta, saboda haka wanda ya rage awoyin famfo don tsimin kuɗin wuta, ya rage maganin ruwansa ke nan ko da bai taɓa na'urar ba. Famfon da ke tura lita 10,000 a awa yana bukatar awa 5 kafin ya juya ruwan wancan tafki sau ɗaya, da bazara kuwa ana so a ƙara, domin hasken rana yana cinye kulorin cikin 'yan awoyi. Gwanayen wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da nake ganin ta cancanci a rubuta ta a jikin kowane shato: a fara daidaita pH, sa'an nan a sauya abu guda kawai, ko awoyin famfo ko ƙarfin na'ura, a dakata kwana ɗaya ko biyu, a sake aunawa.

Yanzu mu komo gida. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid, sun koya mana a duba ruwan ɗahara ta sifofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma wannan mizani ne ingantacce a babinsa na ibada. Amma ruwa yakan kuɓuta a wannan hukunci, ya zama garau kamar idon zakara, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifot wadda ido ba ya riskarta. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin inda abin ya fi tsanani. A manyan garuruwa kamfanin ruwa ne ke ɗauke da nauyin sa magani, aikin da ya koma hannun kamfanin gwamnati na NDE a farkon 2024 bayan kamfanin SEEN. Amma a ƙauyuka, inda foraj guda, wato rijiyar burtsatse, da shato guda da 'yan kawunan famfo ke shayar da gari da rugagen da ke kewaye, amanar tana wuyan mutum ɗaya ko ɗan kwamiti, kuma a kansu ne nake wannan rubutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin abin da ake nema: bayan an sa kulorin an bar shi minti 30 cikin ruwan da pH ɗinsa bai kai 8 ba, a tarar da saura akalla rabin miligiram a lita, sa'an nan a bakin famfon da mutane ke ɗiba kada ya gaza 0.2. In ruwan rijiyar ya karkata ga kanwa har ya haura 8, ba a umurci mai shato ya zuba asid cikin abin shan mutane ba. Abin da ma'aikatan agaji ke yi shi ne su tsawaita jiran zuwa awa guda, su ɗan ƙara maganin. In kuwa ruwan gurɓatacce ne, irin na tabkin damina da makiyaya ke sha, lalle ne a bar shi ya kwanta a tace shi tukuna, ko da da dakakken ƙwayar zogale ne, domin laka tana shanye kulorin, tana kuma ba ƙwayoyin cuta mafaka.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mini zancen nan biyu wuri guda shi ne, ainihin na'urar tafkin iyo an ƙanƙanta ta don amfanin talakawa. Wata gidauniya ta birnin Janeba mai suna Antenna ta ƙera wadda ake kira WATA, ana kuwa aiki da ita a ƙasashe irin su Gini da Mali da Burkina Faso: a narka giram 25 na gishiri cikin litar ruwa, a tsoma na'urar, a haɗa ta da batir ko faifan hasken rana, bayan 'yan awoyi a sami ruwan kulorin mai giram 6 a lita, wanda lita ɗaya tasa ke isar kimanin lita 4,000 na ruwan sha, wato jarka 200 mai lita 20. Sharaɗinsa a yi amfani da shi cikin yini da kwana, gama ba ya jimirin ajiya. Wannan ya dace da ƙasa mai nisan kilomita wajen 150 daga Damagaram, inda jabel da garin kulorin na kanti ke rasa ƙarfinsu cikin zafin shago tun kafin a saye su. Damargu kuwa ta san gishiri tun kaka da kakanni, domin ta nan ayarin Abzinawa ke ratsawa da gishirin Bilma ana musayarsa da gero. Sai dai kantun gishirin Bilma, da yake gauraye yake da ƙasa da wasu ma'adinai, a bar wa raƙuma da shanu abinsu. Na'urar tana son farin gishiri tsabtatacce.

Batun famfo ma bai canza ba. Foraj mai aiki da hasken rana yana zuba ruwa da ƙarfi da hantsi zuwa azahar, ya yi sanyi da la'asar, ya tsaya da magariba. Wanda ya zuba magani sau ɗaya da asuba ya tafi gona, masu ɗiban safe za su sha ruwa mai warin jabel har su ƙyamace shi su koma tabki, masu ɗiban yamma kuwa su sha wanda sabon ruwa ya riga ya sirka har babu sauran magani a ciki. Wannan ƙyama ita ce na fi jin tsoro, domin uwar da ta ce ruwan shato yana wari ba za a komo da ita da wa'azi ba, sai da gyaran awo. Abin da ya kamata shi ne maganin ya bi yawan ruwan da ke shiga, a rufe bakin shato kada rana da ƙura su same shi, a kuma wanke gindinsa daga lakar da ke taruwa. Kayan gwajin ba su wuce wata 'yar kwalba mai gida biyu da ƙwayoyin DPD masu mai da ruwa ruwan hoda in akwai kulorin ba, kuma wurin da ya fi cancanta a ɗebi ruwan gwaji shi ne famfon da ya fi kowane nisa da shato, can ƙarshen gari wajen mashayar dabbobi, a lokacin da rana ta karkata.