Jama'ar Hijira a Kafafen Yaɗa Labarai: Ina Gurbin Sifawa da Boɗinga?

Duk lokacin da gidajen rediyo da talabijin suka waiwayi tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, abu ɗaya suke maimaitawa: dawaki da tutoci, Hubbare da fadar Sarkin Musulmi. Haka aka gani a bikin cika shekara 200 da kafa Daular Usmaniyya a 2004. Ita kuwa Jama'ar da ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 (1218 bayan Hijira), ba kasafai ake nuna fuskarta ba.

Wannan Jama'a ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Fulani da Hausawa da Buzaye, akwai mata da ƙananan yara. Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka yi tafiyar da ita, daga baya ta tsara labarinta cikin Waƙar Gewaye. Akwai kuma Malam Abdussalami na Gimbana, wanda kama almajiransa da mayaƙan Gobir suka yi yana cikin musabbaban hijirar. Da wuya a ji sunansa a shirye-shirye, wataƙila domin ƙarshen al'amarinsa saɓani ne da Muhammadu Bello a Kware. Amma tsallake shi rage tarihi ne.

Wurare ma sun sami irin wannan rashin rabo. Bayan cin Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. A wannan zama ne aka raba ragamar mulki a 1812, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. A shekarar ne Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, a 1813 kuma Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati, inda bai ɓoye takaicinsa ba game da waɗanda suka karkata ga mulki da dukiya. Shehu da kansa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa, yana jan kunnen almajirai kada su tsananta a mas'alolin da malamai suka yi saɓani, kamar yadda ya bayyana a Najmul Ikhwani. Nan ne Jama'a ta fuskanci tambaya mafi wuya: yaya masu hijira za su riƙe mulki ba tare da sun koma irin abin da suka guda ba?

Dalilin wannan giɓi a fili yake. Kyamara tana son hawan doki, karatun zaure kuwa ba ya ɗaukar ido. Ga shi kuma tushen labarin yana cikin Larabci da Fulatanci da ajami, alhali mai shirya shiri yakan dogara da taƙaitaccen tarihin da ya karanta a makaranta.

Sakamakon haka, ɗalibin da ya tashi a Danchadi ko Shagari yana iya ba da labarin yaƙin Tafkin Kwatto, amma ya kasa faɗin abin da aka yi shekara biyar ana yi a Sifawa, wadda ke maƙwabtaka da shi. A wurinsa hijira ta zama share fagen yaƙi kawai, alhali rubuce-rubucen wancan zama suna ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.