Ruwaito Maganar Wani a Turanci: Gaskiya da Ƙarya Cikin Abin da Ɗalibai Ke Yaɗawa

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai ka ji wasu dokoki na yawo a bakin ɗalibai game da yadda ake mayar da zance kai tsaye zuwa zancen ruwaya, wato abin da malaman Turanci ke kira "reported speech". Wasu dokokin daidai suke, wasu kuma rabinsu ne kawai gaskiya, wasu ba su da tushe ko kaɗan. Yaro ya haddace su, ya shiga ɗakin jarrabawa da gaba gaɗi, ya rasa makin da bai kamata ya rasa ba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

"Dole a mayar da kowane aikatau shuɗaɗɗen lokaci." Wannan rabin gaskiya ne. Ana jan lokaci baya ne idan kalmar ruwayar kanta ta shuɗe, kamar "said" ko "told". Musa ya ce, "I am tired." Sai a ce: Musa said he was tired. Amma idan an fara da "says", babu abin da ke motsawa: Musa says he is tired. Haka kuma gaskiyar da ba ta sauyawa tana iya zama yadda take: The teacher said that water boils at 100 degrees. A jan lokaci baya ne Bahaushe ya fi tuntuɓe, domin harshenmu bai san wannan jan baya ba. Wanda ya ce "Ina zuwa", mukan ce "ya ce yana zuwa", ko da jiya ya faɗa. Saboda haka a nan ya kamata ɗalibi ya fi zuba ido.

"Wasu kalmomi ba sa sauyawa ko da an fara da 'said'." Gaskiya ne. "Will" takan koma "would", "can" ta koma "could", "may" ta koma "might". Amma "would", "could", "should", "might" da "ought to" suna nan daram. Haka "had gone" ko "had eaten" babu inda za a ƙara ja su. Ita "must" kuwa tana iya zama yadda take, tana kuma iya komawa "had to" idan tilas ake nufi.

"Ba a ruwaya sai da 'that'." Ƙarya ne. "She said she was busy" da "She said that she was busy" duk daidai ne, kamar yadda mukan sa "cewa" ko mu bar ta. A tambaya ma, sa ta kuskure ne.

"'I' kullum tana komawa 'he' ko 'she'." Ƙarya ne. Wakilin suna yana bin mai ruwaya. Idan ni na yi maganar kuma ni nake maimaitawa: I said I was hungry. Idan kai ka faɗa mini ina tuna maka: You said you were hungry. Ba ma buƙatar jadawali a nan, don kullum muna yin haka da Hausa ba tare da tunani ba.

"'Tomorrow' dole ta zama 'the next day', 'here' ta zama 'there'." Wannan ma sai da sharaɗi. Idan Amina ta ce da safe, "I will come tomorrow," kai kuma ka ruwaito da yammacin ranar, goben ba ta zo ba tukuna, don haka: Amina said she would come tomorrow. Sai an kwana biyu ne za ta zama "the next day", daidai da yadda "gobe" ke zama "washegari" a labarinmu. Idan kuma kana tsaye a wurin da aka yi maganar, "here" tana nan a "here".

"Tambaya tana rasa alamarta da tsarinta." Gaskiya ne, kuma ɗalibai da yawa na mantawa. "Where do you live?" takan koma: He asked where I lived. An cire "do", an cire alamar tambaya, an jera kalmomi kamar bayani. "He asked where did I live" kuskure ne. Tambayar da amsarta i ko a'a ce kuwa, ana shigar da ita da "if" ko "whether", aikin da "ko" ke yi mana: She asked if I had eaten.

"'Said' da 'told' duk ɗaya ne." Ƙarya ne. "Told" tana neman a ambaci wanda aka faɗa wa: He told me. "Said" ba ta ɗaukarsa kai tsaye, don haka "He said me" ba Turanci ba ne. A umarni ma "told" ce ke aiki tare da "to": "Sit down" ta koma He told us to sit down, "Don't talk" ta koma He told us not to talk.

Duk waɗannan suna komawa ne ga tambayoyi uku: wa ke ruwaya, yaushe, kuma a ina? A takardar jarrabawa, inda ba a faɗi rana ko wuri ba, idan ka ga "said" to jan lokaci baya shi ne amsar da ta fi aminci, sai fa idan gaskiya ce dawwamammiya. Malamai, don Allah a koya wa yara dalilin kowace doka kafin a sa su hadda. Ku kuma ɗalibai, ku riƙa gwada kowace jimla da Hausa tukuna, sannan ku gyara lokacin aikatau yadda Turanci ke so.