Kurakuran Mai Koyon Duban Taurari

Garin Wudil yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar Maiduguri. An san shi da kasuwar shanu mai ci ran Juma'a, da masunta, da jami'ar kimiyya da fasaha wadda aka kafa a 2001. Yana da wata baiwa kuma wadda ba a cika ambatonta ba, watau sararin samaniyarsa. Da yake ƙasar Hausa tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, taurari masu yawo sukan bi ta saman kai, inda ganinsu ya fi kyau.

Taurari masu yawo duniyoyi ne masu kewaya rana, kamar yadda duniyar mutane take yi. Ba su da hasken kansu, na rana suke mayarwa. Guda biyar ake iya gani da ido, su ne Zara, da Mushtari, da Zuhalu, da Mirrihi, da Uɗaridu. Wanda yake so ya ga kamanninsu sosai sai ya nemi madubin hangen nesa. An ƙago wannan madubi a ƙasar Holan cikin 1608. Yanzu yaron da ya samu aronsa yana iya kafa shi a tsakar gida. Amma daren farko mai koyo yakan sha wahala, har ya ce madubin ne ba shi da kyau. Galibi kuwa laifin na garaje ne.

Kuskure na fari shi ne neman tauraro kai tsaye. Babban madubi ɗan yanki kaɗan na sama yake nunawa, kamar mai leƙe ta cikin kara. Yaro sai ya yi ta juya shi gabas da yamma, ba ya ganin kome sai duhu. Saboda haka aka ɗaura wani ƙaramin madubi a bayansa don saiti. Tun da sauran haske ya kamata a daidaita su, a auna kan giginya ko hasumiyar masallaci mai nisa, har su biyun su nuna abu ɗaya. In ya ga giginyar ta yi ƙasa da kai, kada ya tsorata. Haka yawancin waɗannan madubai suke nuna abu a juye.

Sai dai a nan akwai ladabi. Bai kamata a nufi katangar maƙwabta da madubi ba, don kada a zaci leƙen gidan mutane ake yi. Yaron kirki yakan nemi izinin mahaifinsa, ya kuma gayyaci maƙwabta su zo su gani.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kowane tauraro mai haske a kan duniya ne. Sauran taurari ranaku ne masu nisan gaske, kome ƙarfin madubin gida ɗigon haske kaɗai za a gani. Ga yadda ake rarrabewa: su sukan yi ƙyalƙyali, taurari masu yawo kuwa haskensu a natse yake.

Na uku, mai koyo yakan fara da gilashin da ya fi ƙara girman abu, yana tsammani shi ne mafi kyau. Da ya sa ido sai ya ga hoton ya dushe, yana rawa da an taɓa madubin. In ma ya dace ya kama tauraron, kafin ya kira ƙanensa ya zo ya gani, ya sulale ya fita. Sai ya ce wani ya ture masa ƙafar madubi. Ba wanda ya taɓa, duniya ce take juyawa. Takan juya sau ɗaya cikin kwana guda, har garin Wudil da kogi da kasuwa suna tafiya gabas fiye da kilomita 1,600 cikin sa'a ɗaya, ba wanda ya ji. Maganin abin, a fara da gilashi mai ƙaramin ƙarfi, a riƙa bin tauraron a hankali.

Na huɗu, rashin zaɓen wuri. Rufin kwano da katanga sukan sha rana yini zubur, da dare kuma su yi ta fid da zafi. Iskar da ke bisansu takan yi motsi, kamar yadda ake gani a kan kwalta da tsakar rana. In aka duba ta cikinta, sai tauraro ya yi ta rawa kamar tsabar kuɗi a ƙarƙashin ruwa. Haka kuma hayaƙin murhu. Gara a jira tauraron ya hau sama sosai. Da hunturu hazo yakan rufe sama, ƙura ta kwanta a kan gilashi. Da kaka kuwa, raɓa takan sauka a gidajen da ke kusa da kogi. Yaron da ya goge gilashi da bakin rigarsa ya yi ɓarna, domin ƙura takan karce shi, karcen kuwa ba ya fita. A rufe shi in ba a aiki da shi. A kuma sa takalmi, gama kunama ma da dare take yawonta.

Na biyar, sa ran ganin irin hotunan littafi. Waɗannan hotuna da manyan na'urori aka ɗauko su. Faɗin Mushtari ya yi na duniya sau 11, amma a madubin gida bai wuce ƙwayar gero ba. Wanda ya daure ya natsu, sai ya ga ratsi biyu a jikinsa, da 'yan ɗigo huɗu a jere kusa da shi. Watanninsa ne, kowane dare kuwa sukan sāke wuri. Zara kuma wani lokaci takan fito kamar jinjirin wata, har yaro ya ce gilashi ya fashe. Lafiyarsa lau, gefen da rana ta haska kaɗai ake gani. Ita ce kuma Gamzaki mai fitowa da asuba, ba wani tauraro dabam ba.

Ko manyan masana sun yi irin wannan ruɗewa. Galileo, mutumin Italiya, shi ne ya ga watannin Mushtari cikin Janairu 1610. A shekarar nan ya duba Zuhalu, ya ga abu biyu a gefensa, ya zaci taurari uku ne a manne. A 1612 ya sāke dubawa, ya tarar sun ɓace, ya rasa dalili. Sai a 1659 Huygens, mutumin Holan, ya bayyana cewa zobe ne ya kewaye Zuhalu. Zoben siriri ne ƙwarai, kamar faifai. Wajen kowace shekara 15 yakan juyo wa duniya bakinsa, sai ya ɓace wa ido. Haka ya faru a 2025.

Duk waɗannan kurakurai suna gyaruwa, saura guda ɗaya. Kada a kuskura a dubi rana da madubin hangen nesa, ko da ƙiftawar ido ce, ko da lokacin husufi ne. Gilashin da ke tattara hasken tauraro yana tattara zafin rana har ya ƙone takarda. In ya sami ido, yana iya makantar da shi har abada, baƙin tabarau kuwa ba ya tsare kome. Saboda haka ba a barin madubi a tsakar gida da rana, inda ƙananan yara za su kai gare shi.

Mai koyo ya sami littafi, kowane dare ya rubuta kwanan wata, ya zana abin da ya gani. Bayan mako guda zai ga da idonsa yadda watannin Mushtari suke kewaya shi. Hausawa sun ce, da koyo akan iya.

Tambayoyi

1. Yaya ake rarrabe taurari masu yawo da sauran taurari?
2. Me ya sa tauraro yake fita daga cikin madubi?
3. Wane kuskure ne ba ya gyaruwa?