Kayan Aljihu da Ƙananan Masana'antun da Suke Ƙera Su

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa a Amurka da wasu ƙasashen Turai cikin shekaru hamsin ɗin nan da suka shige, wadda ba kasafai labarinta yake iso mu ba, ko da yake kayanta, ko kuwa jabun kayanta, sun daɗe da shigowa kasuwanninmu. Sana'ar kuwa ita ce ƙera 'yan kayan nan da mutum yake fita da su kullum, a aljihu ko a ɗamara ko a jakar goyo, saboda larurar da kan taso ba shiri: wuƙa mai naɗewa, da tocila wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, da filaya mai ɗauke da sukundireba da almakashi da magagari a cikin mariƙinta, da igiya, da jakar da za a zuba su duka. Abin da ya sa na ga ya dace a tsaya a yi bayaninta shi ne, galibin kayan da suka yi suna a cikinta, in an bi asalinsu, sai a tarar mutum guda ne wata bukata ta dame shi, ya nemi abin da zai biya ta a kasuwa ya rasa, ya zauna ya ƙera da hannunsa, sa'an nan ya buga sunansa a jikin abin, ya ɗauki alhakinsa.

Mu fara da Tim Leatherman, domin ƙissarsa ta fi sauran bayyana wannan al'amari. Shi injiniya ne, mutumin Jihar Oregon, wanda a shekarar 1975 ya shiga yawon ƙasashen Turai tare da matarsa cikin wata tsohuwar mota ƙirar Fiat da suka saya dala 300. Motar nan ba ta rabuwa da lalacewa, masaukan da suke iya biya kuma famfunansu ba su rabuwa da yoyo, shi kuwa ba shi da kome a hannu sai wuƙar aljihu, wadda takan yanka burodi, ta kankare waya, amma ba ta iya kama noti ta murɗa shi. Da ya koma gida sai ya duƙufa wajen haɗa filaya da wuƙa su zama abu guda, yana zaton aikin ɗan lokaci ne, ashe shekaru takwas zai yi yana fama. Masu ƙera wuƙaƙe suka ce abin nasa kayan makanikai ne, ba nasu ba ne. Masu ƙera kayan makanikai kuma suka ɗauke shi abin wasa. Har dai a 1983, bayan ya haɗa gwiwa da abokinsa Steve Berliner, wani kantin kayan farauta da kamun kifi mai suna Cabela's ya yi odar guda 500. Daga nan ƙofa ta buɗe. Har yau masana'antar tana birnin Portland, tana kuma ba da lamunin shekara 25 a kan abin da ta ƙera, watau in ya karye saboda aibin ƙira, sai mai shi ya aika musu su gyara ko su musanya.

Wuƙar aljihu ita ma ta sami masu yi mata ijtihadi. A dā galibi wanda zai buɗe irin wannan wuƙa sai ya sa hannu biyu, ya riƙe da ɗaya, ya sa farcen ɗayan ya ɓanɓaro ruwanta, alhali kuwa mai aiki sau da yawa hannunsa guda yana riƙe da igiyar da yake son yankewa, ko yana maƙale da tsani. Sal Glesser, wanda ya fara da yawon kasuwannin baje koli shi da matarsa suna sayar da abin wasa wuƙa, kafin su zauna a garin Golden na Jihar Kolorado, shi ne ya fito a 1981 da wuƙa mai rami zagayayye a jikin ruwanta, inda babban yatsa zai shiga ya tura ta ta buɗe, ya kuma sa mata ɗan maƙali na ƙarfe don a rataya ta a bakin aljihu kada ta nutse cikin tarkace. Sunan kamfaninsa Spyderco. Waɗannan dabaru biyu, da ƙanƙantarsu, yau da wuya a ga wuƙar aljihu ta zamani da ba ta ari ɗaya daga cikinsu ba.

Sai kuma Chris Reeve, maƙerin kayan injin daga Durban ta Afirka ta Kudu, wanda ya yi hijira zuwa Boise ta Jihar Aidaho a 1989. Mas'alar da ya warware ita ce ta makulli, domin babban hatsarin wuƙa mai naɗewa shi ne ta rufe a kan yatsun mai ita yana tsakiyar aiki. A wuƙarsa mai suna Sebenza, ya yi mariƙin da ƙarfen titaniyam, mai ƙarfi marar nauyi, ya tsaga gefe guda na mariƙin ta yadda da zarar ruwan wuƙar ya buɗe, tsagin nan zai karkato ya tokare shi ta baya, kuma gwargwadon yadda mutum ya damƙe mariƙin, gwargwadon yadda makullin yake ƙara kamawa. Kuɗinta ya wuce dala 400, kuma zan dawo kan wannan magana ta tsada.

To, me ake saye da irin wannan kuɗi? Rabinsa yana cikin ƙarfen da ido ba ya iya tantancewa. Ƙarfen wuƙa yana da siffofi uku da suke jayayya da juna: taurin da yake sa kaifi ya daɗe, da juriyar da take hana shi tsagewa in ya gamu da ƙashi ko ƙusa, da ƙin tsatsa. In an ƙara masa sinadarin kabon ya yi tauri, sai gautsi ya shigo. In an zuba masa sinadarin kuromiyam, wanda sai ya kai wajen kashi 11 cikin ɗari kafin a ce ƙarfe ba ya tsatsa, sai wani abin kuma ya ragu. Bayan an daidaita haɗin, saura babban aiki, watau gasa ƙarfen a wuta zuwa wani zafi ƙayyadadde, a sanyaya shi farat ɗaya, a sake ɗumama shi kaɗan don a kashe masa gautsi; kuma a nan ne ƙaramar masana'anta, wadda mai ita yake tsaye a kan kowane rukuni da ya fito daga tanderu, takan fi babbar da take zubo dubbai a yini. Maƙeranmu sun san wannan sirri sarai, su da suke zaɓen sifirin na tsohuwar mota su yi adda da shi, su dubi launin ƙarfe a wuta su san lokacin tsoma shi ya yi.

Labarin tocila gajere ne, amma ya fi shafarmu, mu da dare yakan same mu ba wutar lantarki. Anthony Maglica, wanda ya tashi a ƙasar Kuroshiya ya buɗe ɗan shagon injin sassaƙa ƙarfe a Kalifoniya, ya fito da Maglite a 1979, tocila mai jikin alminiyam wadda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suka runguma saboda ba ta fashewa in ta faɗi. Daga baya, a 1993, Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya ƙera ɗan ƙwan lantarki mai shuɗin haske sosai, wanda daga gare shi aka sami farin ƙwan da ba ya cin batir, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2014 tare da wasu malamai biyu. Albarkacin wannan ne tocilar da take ɓacewa cikin tafin hannu yau ta fi ta dā mai manyan batura huɗu haske.

Yanzu kuma sai ɓangaren da nake da ja a kansa, watau kayan da ake yi wa fasalin soja. Asalinsu ba abin zargi ba ne. A 1997 rundunar sojan Amurka ta fara amfani da wani tsari na ɗinka layukan ƙyalle mai kauri a jikin jaka da rigar sulke, ta yadda soja zai saƙala ƙaramar jakar magani ko ta harsashi ko gorar ruwa a duk inda ya so, ya cire in ya ga dama. Da yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi suka yi tsawo, sojoji da yawa suka dawo gida da sanin abin da yake yagewa da abin da yake jurewa, wasunsu kuma suka buɗe ƙananan masana'antu. Jason McCarthy, tsohon sojan runduna ta musamman, wanda ya kafa GORUCK a 2008 yana ɗinka jakunkunan goyo, ɗaya ne daga cikinsu. Ƙyallen nailan mai kauri da ake kira Cordura, da igiyar laimar saukowa daga jirgi wadda siririya ce amma tana ɗaukar nauyin kusan kilo 250, duk sun shigo hannun farar hula, kuma alheri ne ga makaniki da ma'aikacin asibiti da ɗalibi mai ɗawainiyar littattafai.

Amma fa da kasuwa ta gane cewa siffar soja tana sayar da kaya, sai aka shiga shafa baƙin fenti da launin dawa a kan kowane tarkace, ana ƙara masa haƙora da tsini da sunaye masu ban tsoro, ana sayar wa mutanen da iyakar jihadinsu da wuƙa shi ne buɗe kwali. Wannan, a ganina, ya fita daga babin larura ya shiga babin alfahari da riya, ya kuma ɓata wa sana'ar suna, domin ya mai da kayan aiki ya zama kamar makami a idon jama'a da hukuma. Haka nan masu tara wuƙaƙe talatin ko arba'in na ɗaruruwan daloli a akwati, ba su yanka kome da su don kada su ƙarce, israfi ne suke yi, ko da kuwa wuƙaƙen na ƙwarai ne. Mai karatu kuma ya sani cewa doka tana da magana a nan: a Ingila ba a yarda mutum ya yi yawo da wuƙa ba dalili ba, sai mai naɗewa marar makulli wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba, a filayen jiragen sama akan karɓe ta in tana cikin jakar hannu, a Nijeriya kuwa an hana farar hula sa tufafin soja, kuma wanda ya rataya jaka mai launin dawa ya doshi shingen bincike, ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya bukata.

Tsada ita ma ba hujja ba ce ta nagarta. Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa a yankin Savoie na Faransa a 1890, mariƙin itace, ruwa guda, sai ɗan zoben ƙarfe da aka ƙara a 1955 wanda ake murɗawa ya kulle ta, kuma har gobe manoma da makiyaya da masu dafa abinci suna saye a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na Sebenza ba, tana kuma yanka abin da waccan take yankawa. Abin da ya haɗa su biyun shi ne abin da malamai suke kira itƙani, watau kyautata aiki har iyakar iyawa, da kuma tsayawar mai sana'a a bayan abin da ya sayar.

Wannan riƙon amana bai tsaya ga mai saye kaɗai ba. Karl Elsener ya buɗe ɗan shagon wuƙaƙe a ƙauyen Ibach na Suwizalan a 1884, ya fara kai wa sojan ƙasarsa wuƙa a 1891, zuriyarsa kuma suka ci gaba da riƙon gidan, wanda yau aka sani da Victorinox, mai jar wuƙar nan da take ɗauke da almakashi da matsefata da tsinken sakace. Da aka kai harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgi da wuƙa, kantunan filayen jirgi suka daina saye, cinikin wuƙarsu ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Duk da haka ba su sallami ma'aikaci ko ɗaya ba, sai suka ba da aron wasu ga masana'antun maƙwabta har ƙura ta lafa, suka ƙarfafa sayar da agogo da jakunkuna. A 2005 ma suka sayi abokin gasarsu Wenger, wanda wannan musiba ta durƙusar.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga hikimar fita da shiri, domin fataken dā ba su kama hanya sai da wuƙa a kube, da ƙyastu, da matsefatar cire ƙaya, da zabira, almajiri kuma da gafakarsa. Kuma har yanzu muna da maƙera da dukawa a Kano da Sakkwato da Damagaram da Agadas waɗanda hannunsu bai gaza na kowa ba. Abin da waɗancan maƙeran na ƙetare suka fi mu da shi abu ne da ba ya bukatar injin miliyoyi: suna buga suna a jikin kaya, suna faɗin irin ƙarfen da suka yi aiki da shi, suna yin na yau daidai da na jiya, in ya lalace kuma suna karɓa su gyara. Ina roƙon maƙeranmu da dukawanmu, musamman samarin da suka gaji sana'ar suka kuma yi karatun zamani, su fara da wannan, ko da a kan wuƙa iri guda ce ko jaka iri guda. Kai kuma mai saye, in ka sami wanda ya yi haka a garinku, ka biya shi kuɗin aikinsa ba tare da ka matse shi da tayi ba, ka kuma gaya wa maƙwabcinka inda shagonsa yake.