Ruwan sha daga teku ko daga iska: wanne ya fi araha?

Inda babu kogi ko rijiya, akan samu ruwan sha ta hanyar cire gishiri daga ruwan teku, ko tatso danshin iska. Alhazan da ke tashi daga sansanin Mando da ke Kaduna sun taɓa amfana da ta farko, domin tashar Shu'aiba da ke bakin Bahar Maliya tana ba Makka da Jidda ruwa. A tashoshin zamani ana danna ruwan teku da ƙarfi ta cikin matata, kuma lita 1,000 kan ci lantarki kilowat-awa 3 zuwa 4.

Injin iska kuwa sanyaya iska yake yi har ta zubar da raɓa, kamar gumin da ke taruwa a jikin kwalbar da aka ciro daga firij. Lita 1,000 ɗin kan lashe ɗaruruwan kilowat-awa. A Kaduna abin ya fi muni: da hunturu da bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, iskar ma a bushe take.

Teku kuma tana da nisan ɗaruruwan kilomita. Saboda haka a Mando, burtsatse da ruwan Kogin Kaduna da ake tacewa a Malali sun fi hanyoyin biyu araha nesa ba kusa ba.